Tambayoyinku: Dafa Masara a Tukunyar Lantarki, da Masu Neman Ƙona Ɗaki da Ekstenshin

Wannan fili na waya da kwamfuta ne. Amma tun ranar da bakina ya suɓuce na ce duk abin da ke da allo da maɓalli ku turo, akwatin saƙona ya koma kicin. Wannan makon tukunyar lantarki mai dafuwa da matsin tururi ce ta cika shi, kuma kusan kowa masara yake dafawa. To, mu je zuwa.

Malam, na ga an ce minti 2 ya isa a dafa ɗanyar masara da totuwarta a wannan tukunya. Na saita minti 2, amma allon ya tsaya yana nuna "On" kusan minti goma kafin ya fara ƙirga. Agogonta ne ya lalace, ko akwai manhajar da zan sabunta? Daga wata uwargida.

Hajiya, tukunyarki lafiyarta ƙalau, littafin da ya zo da ita ne ke cikin leda har yanzu. Minti biyun nan ba ya fara tafiya sai matsi ya cika. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, ko kwana za ki yi kina ƙara masa wuta. In aka toshe wa tururi hanya, matsi ya hau, zafin ciki ya kai wajen digiri 115 zuwa 118, shi ya sa abu ke nuna da wuri. Dabarar ma tsohuwa ce, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya nuna ta a Landan tun 1679. Abin da zamani ya ƙara shi ne ɗan allo da na'urar da ke lura da zafi da matsi. Minti goman da kika gani, lokacin tara tururi ne.

Ga yadda nake yi. Kofi ɗaya na ruwa, wato mililita 250, in tukunyar mai lita 6 ce. Mai lita 8 tana son kofi ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki sa ragar ƙarfen nan mai ƙafafu, ki ɓare masarar ki cire gemunta, ki jera ta gicciye a kai don tururi ya samu hanya. Wadda ta yi tsawo ki karya ta biyu. Matsi mai ƙarfi, minti 2 zuwa 3 ga sabuwar masara, irin wadda in kin soka farce a ƙwayarta ruwa fari ya fito. Wadda ta fara ƙosawa kuwa sai kin ƙara mata, ki fara da minti 5 ki ɗanɗana. Tana yin ƙara ki saki tururin nan take. In kika bar shi ya huce da kansa, dafuwa na ci gaba, ƙwayoyin su yamutse. Gishiri sai bayan kin sauke, domin masarar ba ta taɓa ruwan ba, zuba shi a ciki asara ce. Ni ruwan zafi nake zubawa tun farko, yana rage zaman jira. In gaya miki gaskiya, in aka haɗa lissafi duka, saurin bai fi na tukunyar gargajiya da wani abin kirki ba. Ribar ita ce ba sai kin tsaya a kanta ba.

Yallaɓai, soket ɗaya ne a ɗakina. A ekstenshin ɗin da nake cajin waya da kwamfuta nake jona tukunyar in dafa masara. Jiya na ji filogin ya yi zafi. Shin in jona ta a UPS ɗin kwamfutata zai fi? Daga wani ɗalibi.

Ɗan'uwa, ajiye wayar, ka je ka zare filogin nan tukuna, sannan ka dawo ka ƙarasa karatu. Ina jiranka.

Wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci, kuma na amsa ta a kan hita, na amsa ta a kan dutsen guga, yau ga ta a kan masara. Mutane na ganin rami huɗu a ekstenshin sai su ɗauka izini ne na jona abu huɗu, ko mene ne. Mu yi lissafi. Cajar waya na jan wat 5 zuwa 25. Ta kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi 45 zuwa 65. Tukunya mai lita 6 tana jan wajen wat 1,000, mai lita 8 kuma wajen 1,200. Wato tukunyarka ita kaɗai ta yi kwamfuta goma sha biyar. Kuma lokacin da ta fi ja shi ne mintunan farko, sa'ad da take tara tururi, daidai lokacin da kai kuma ka juya baya ka shiga hira.

Ekstenshin mai araha, in ka yanka wayarsa, jan ƙarfen da ke ciki 'yan silalla ne kamar gashi, robar ce kawai ta yi kauri. Siririyar waya in aka tura mata wuta mai yawa zafi take yi. Haka ramin da ya saki, wanda filogi ke rawa a ciki: nan ne zafi ke taruwa. An taɓa kawo mini wata kwamfuta wai cajarta ta daina aiki. Na ce a kawo ekstenshin ɗin. Bakin rami ɗaya ya yi launin ƙasa-ƙasa, robar ta lotsa ta manne da filogin caja, warin ƙonanniyar roba kuma har a hannuna bayan na wanke. Mai ita ya rantse bai jona komai ba, sai daga baya ya tuna da tukunya. Shi caja kawai ya rasa. Da labule na kusa, da ba wurina zai zo ba.

Zafin da ka ji a filogi gargaɗi ne, kuma ba kullum ake samun na biyu ba.

Batun UPS kuma, kar ka soma. Ƙaramin nan mai 650VA da aka saba gani ƙarƙashin tebur, abin da yake iya bayarwa bai kai wat 400 ba. An yi shi ne ya riƙe maka kwamfuta na 'yan mintuna ka adana aikinka ka kashe. Ka ɗora masa wat 1,000, ko dai ya yi ta ihu ya kashe kansa, ko fis ɗinsa ya tafi, ka tashi ba masara ba UPS. Kuma ka lura igiyar tukunyar gajera ce. Ba rowa masu ƙera ta suka yi ba. Da gangan ne, don kada ta yi lilo yaro ya jawo tukunya mai tafasa a kansa, kuma littattafan da ke zuwa da irin waɗannan tukwane suna hana jona su a ekstenshin ƙarara. Ka zare komai, ka jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ita kaɗai. Kwata ɗin awa ne. Wayarka ba za ta mutu ba, kai ma haka. Ekstenshin ɗin da ya riga ya yi zafi kuwa, ka jefar da shi, kar ka ba ƙaninka. Ni duk na'urar da ta shigo hannuna, kafin in kunna ta sai na juya ta na karanta 'yar takardar da ke manne a gindinta, inda aka rubuta wat. Daƙiƙa biyar ne, ku koya.

Na riƙe wayata a saman bawul, wato mafitar tururi da ke kan murfin tukunyar, ina ɗaukar bidiyon fitar tururi, yanzu kyamarar ta yi hazo. Ai an ce ruwa ba ya shigarta?

Ranki ya daɗe, IP68 da aka rubuta a kwalin gwaji ne na nutsar da waya a ruwa, ba a yi alkawarin tururi mai zafi ba. Ki kashe ta, ki cire gidan sim, ki ajiye ta inda iska ke kaɗawa kwana ɗaya ko biyu, ba caji. Kar ki binne ta a shinkafa, ba ta tsinana komai sai ƙura a ramin caji. In hazon bai tafi ba, sai mai gyara. Ki gode wa Allah kyamara ce a wurin, ba fuskarki ba.

Tururi na ta fita ta gefen murfi, kuma har ruwan ya ƙone ba ta fara ƙirga ba.

Robar murfin ba ta zauna daidai ba, ko kuma tana kan abin shanya kwanuka tun wankin jiya. In tana nan daram, duba bawul, a buɗe ka manta shi, sai ka rufe.

In ƙara kuɗi in sayi mai haɗuwa da waya ta intanet?

Don masarar minti 3? Manhajar ba za ta ɓare maka ita ba, ba za ta zuba ruwa ba. Sayi ta talakawa, canjin ka sa mai gyaran wuta ya ƙara maka soket a bango.