Ƙanena ya yi shekara 6 a gidan gyaran hali, ko za a iya sakinsa kafin wa'adinsa ya cika?

Tambaya: Barista, an yanke wa ƙanena ɗaurin shekara 15, yanzu ya yi 6 a gidan gyaran hali na Bauchi. A shekararsa ta biyu ya yi faɗa da wani ɗaurarre, aka hukunta shi. Kafin wannan shari'ar ma an taɓa ɗaure shi wata 6 kan satar waya. Mahaifiyarmu ta tsufa, kullum zancensa take yi. Akwai hanyar da za a sake shi da wuri, ko waɗannan abubuwa sun rufe masa ƙofa? Daga wata baiwar Allah, unguwar Wunti, Bauchi.

Amsa: Malama, Allah ya ba Mama lafiya, ya sanyaya mata zuciya. Ƙofa ba ta rufe ba, sai dai ƙofofin uku ne, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya su kira su afuwa.

Ta farko ita ce rangwamen da ake yi wa ɗaurarre mai ladabi, wato a yafe masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa. Daga nan ne aka samo maganar nan da ake yi cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. A lissafin ƙanenki, 15 za ta dawo 10. A nan ne faɗan da ya yi zai iya taɓa shi kai tsaye, domin cikin horon da ake yi wa wanda ya karya dokar gida har da cire masa kwanaki daga wannan rangwame. Don haka abu na farko, ki je ofishin ajiye bayanai na gidan, ki roƙi a gaya miki ranar fitarsa da ke rubuce a yanzu, da ko an cire masa wani abu. Ki kuma tambaya ko alƙali ya ce a fara ƙirga daga ranar da aka kama shi. Na ga iyalai da dama suna lissafi da ka, ashe watannin zaman jiran shari'a na cikin abin da za a cire musu.

Ta biyu ita ce sakin talala, a saki mutum bisa sharaɗi ya ƙarasa wa'adinsa a gida ana sa masa ido. Sashe na 468 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce wanda aka ɗaure shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, in ya cinye kashi ɗaya cikin uku kuma yana da halin kirki, Kwanturola Janar, wato shugaban hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa, na iya rubuta wa kotu shawarar a sake shi. Kotu za ta saurari mai gabatar da ƙara, ta saurari ɗaurarren ko lauyansa, sannan ta yanke. Dokar 2019, wadda ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ta ɗora wa hukumar nauyin kula da waɗanda aka saka ta wannan hanya. Ƙanenki ya wuce shekara 5, ke nan ta fuskar lokaci ya isa. Amma dokar 2015 ta tarayya ce, in da dokar jiha aka hukunta shi sai lauya ya duba abin da ta Jihar Bauchi ta tanada.

Ki lura, sashen bai ce wanda aka taɓa ɗaurewa ba ya cikin lissafi ba. Halinsa a ciki ake tambaya. Ba zan ɓoye miki ba, mai gabatar da ƙara zai iya tayar da maganar wayar nan, ya ce mai hali ba ya fasa halinsa. Abin da ke rufe masa baki shi ne takarda: shekara 4 ba a sake rubuta sunansa a littafin laifi ba, ga shaidar ya koyi ɗinki ko kafinta, ga malamin da ke karantar da su ya sa hannu, ga jami'in walwala ya rubuta cewa ya natsu. Faɗa ɗaya a shekara ta biyu, lokacin da zuciya ba ta gama karɓar ƙaddara ba, daban yake da wanda aka kama da waya ko ƙwaya watan jiya. Wanda ya taɓa yunƙurin tserewa kuwa, nasa ya fi kowa wuya.

Ta uku afuwar gwamna ce, a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulkin 1999, bayan shawarar kwamitin afuwa na jiha. Ana rubuta takardar roƙo ta ofishin kwamishinan shari'a, kuma a nan tsufan Mama da halin da gida ke ciki za su iya shiga cikin takardar. Ziyarar da babban jojin jiha kan kai gidajen gyaran hali kuwa, masu jiran shari'a ta fi shafa, kada ki sa rai a kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu zuwa wa iyalai da cewa a kawo kuɗi za a sa suna a jerin waɗanda za a saka. Kada ki sayar da ko akuya saboda wannan. In ba ku da halin ɗaukar lauya, hukumar tarayya mai ba da lauyoyi kyauta tana da ofis a Bauchi. Ki je da kwafin hukuncin kotu da lambar shari'ar. Sannan ki sami wani babba a dangi, kawu ko baffa, wanda zai yarda ya tsaya masa, ya faɗi inda zai zauna da sana'ar da zai kama in ya fito, domin kotu za ta so ta ji wannan.

In kin je ziyara ranar da za ki je, ki gaya masa daga yau ko an tsokane shi ya haɗiye, ya kuma shiga kowane aji da aka buɗe a gidan.