“Kansa” a Hausa da takwaransa a Girkanci

Wani ɗalibi mai koyon Girkancin Sabon Alkawari ya tambaya: shin Girkawa ma da “kai” suke cewa mutum ya yi wa kansa abu, kamar yadda muke cewa “ya cuci kansa”?

A'a, ɗan'uwa. Mu “kai” na jiki muka ara, Larabawa suka ɗauki nafs, wato rai. Girkawa kuwa wakilin suna suka manna wa kalmar autos, wadda ita kaɗai take nufin “shi da kansa”. Daga nan aka sami emauton, kaina, seauton, kanka, heauton, kansa. A waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Girka, ma a rabe suke zuwa, daga baya suka haɗe. Seauton ɗin nan shi ne a rubutun haikalin Delfi na tsohuwar Girka, gnothi seauton, san kanka, shi ne kuma a Luka 4:23, likita, warkar da kanka. Waɗannan kalmomi ba sa taɓa zama aikau, kullum komawa suke ga mai aikin.

A jam'i ake yin tuntuɓe. Mutanen Atina na ƙarni na 5 kafin Miladiyya sun bambance hemas autous, kanmu, da humas autous, kanku, da heautous, kansu. A zamanin Sabon Alkawari heautous ya haɗiye sauran. Saboda haka dubi aikatau tukuna. A Filibiyawa 2:12 umarni ne ga “ku”, don haka heauton na jam'i, wato siffar mallaka ta heautous, a wurin “naku” ne. Wanda ya fassara shi “nasu” ya ɓata ayar. Wani lokaci ma yakan shiga gonar allelon, wato “juna”: a Afisawa 4:32 yafe wa juna ake nufi, ba kowa ya yafe wa kansa ba.

Akwai kuma taƙaitaccen hauton, wanda alamar hucin “h” kaɗai ta raba da auton, “shi”. Tsofaffin kwafen Sabon Alkawari, irin wanda ake kira na Sina'i, na ƙarni na 4 Miladiyya, ba su sa alamar ba, shi ya sa masu tace nassi suke saɓani a wasu ayoyi.

Mu ma dai muna da namu ruɗanin. “Ya wanke kansa” sabulu ne ko gaban alƙali? Sai zancen da ke kewaye ya raba gardama.