Kada ki jefar da bargon nan, ki ƙarasa shi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa kin fara ɗinkin bargo na haɗe-haɗen ƙyallaye, amma kusurwoyin sun ƙi haɗuwa, bayan kuma ya tattare, har kina tunanin hannunki ne ba na sana'ar ba. Wallahi ba hannunki ba ne. Na daɗe ina wannan ɗinki a nan Tudun Wada, yara da dama sun koya a wajena, kuma kusan duk abin da kika lissafa tun kafin a hau keke yake faruwa.

Ki fara duba yanka. Ki yanki kwali mai kauri daidai girman da kike so, ki riƙa ɗora shi kina zagayewa da alli, kada ki yarda da awon ido. Ki lura da masu ɗinkin babbar riga a cikin birni: duk ƙwarewar mutum, sai an zana masa askar a jikin shadda kafin ya soka allura.

Sai bakin ɗinki. Abin da aka saba bari shi ne rubu'in inci, wajen milimita 6, kuma dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In kika ƙara milimita 2 kacal, kin ci ƙyalle biyu ke nan, na dama da na hagu, milimita 4. A layi mai ɗinki 10 kin rasa santimita 4, ta ina kusurwa za ta haɗu? Ki manna salatif a farantin kekenki daidai wannan awon, bakin ƙyallen ya riƙa bin sa. Ko tsohuwar Butterfly ce ta wadatar. Duk layin da kika gama ki danna shi da dutsen guga, dannawa kawai, ban da ja, don ja yana miƙar da yadi. Layi ɗaya ki kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biye hagu, za ki ji sun shige juna a ƙarƙashin yatsanki.

Tattarewar baya kuwa rashin kamawa ne. Ki shimfiɗa shafin a ƙasa ya miƙe sosai, ki ɗora faiba, wato abu mai laushi da ake sakawa a tsakiya, ki ɗora saman, ki kama su da fil ko manyan ɗinkin hannu, tazarar tafin hannu. Ɗinki daga tsakiya ake farawa a yi waje. Ragowar atamfa da kika samo wajen teloli ko a kasuwar Sabon Gari, don Allah ki wanke kafin ki yanka, wata tana zuba, wata tana tsukewa.

Abin da ba na so shi ne yawan farkewa. In ɗinkin ba zai ɓalle a wanki ba, ki bar shi, reza tana raunana yadi. A Amurka akwai matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama da ke haɗa bargo da tsofaffin tufafin aikin gona, layukansu a karkace, amma a 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotonsa a jikin kan sarki na aika wasiƙa.

Ki ƙarasa wannan, yara su lulluɓa da shi lokacin hunturu. Na gaba ki yi ɗan ƙarami na jariri, da manyan murabba'ai na inci 6, launi biyu ko uku. Ki bar masu kusurwa uku tukuna, yankansu a karkace yake, shi ya sa suke miƙewa. In kin yanka ki turo hoto mu gani kafin ki haɗa. Allah ya sa albarka.