Tambaya da Amsa: 'Yata da Kwamfuta

Tambaya: Malam, 'yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare a Tudun Wada, Zariya. Ta dage sai ta koyi rubuta manhajar kwamfuta, amma kawunta ya ce ɓata lokaci ne tunda ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi a rubuce, na rubutawa. Yaya zan yi?
Daga wata uwa

Amsa: Hajiya, don Allah ki bar ta ta koya. Gaskiya ne ChatGPT, da ya fito a 2022, yana rubuta manhaja, amma yakan tafka kuskure ba ko gezau, kuma sai wanda ya iya ne zai gano.

Ta fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta samar kyauta. Yaro zai jera tubala masu launi, sai mage ta yi tafiya a allo. Ana sauke shi ya yi aiki ba intanet, kin huta da sayen data. In hannunta ya faɗa, ta koma Python, yaren rubuta manhaja da ake bugawa da kalmomi maimakon tubala.

A ajina na Samaru ba a taɓa kwamfuta sai kowa ya rubuta yadda ake dama kunun gyaɗa daki-daki, abokinsa ya bi rubutun kamar yadda yake, don haka ita ma kwamfuta ke bin umarni. Wanda ya manta "tace gyaɗar", nan take zai ga inda bayaninsa ya yi giɓi. Wannan darasin ya fi min kowanne.

Batun kawu kuwa, ki sa ta rubuta masa shafi ɗaya: hujjarsa tukuna, cikin ladabi, sannan tata. Ta karanta masa bayan sallar isha'i, ya ba ta amsa.