Tambaya da Amsa: Uba mai shekara 102 da ɗansa mai 75

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da mahaifina mun kalli fim ɗin Indiyan nan, 102 Not Out, muka yi ta dariya, daga baya na ga Baba yana share hawaye. Sai ƙanena ya ce wai masu sharhin finafinai ba su yaba masa sosai ba. Me suka gani da mu ba mu gani ba? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙanenka ya faɗi rabin gaskiya. Da fim ɗin ya fito a watan Mayun 2018, galibin masu sharhi sun jinjina wa Amitabh Bachchan da Rishi Kapoor, waɗanda rabon su da haɗuwa a fim shekara 27 ke nan a lokacin. Shekara goma kacal ke tsakaninsu, amma Amitabh ya fito uba, Rishi ɗa, kuma ka yarda da su.

Ƙorafinsu biyu ne. Na farko, wai ya yi kama da wasan dandamali. Haka yake, domin darakta Umesh Shukla daga wasan kwaikwayon Saumya Joshi na harshen Gujarati ya ɗauko labarin. Kusan komai a gida guda yake faruwa a Mumbai, tsakanin mutum uku: tsohon, ɗansa Babulal, da Dhiru yaron kantin magani. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Duk wanda ya zauna da tsoho ya san duniyarsa ba ta wuce ɗaki da tsakar gida, kuma a nan ake dariyar, a nan ake faɗan. Uban da ya ce zai kai ɗansa gidan tsofaffi saboda ɗan ya fi shi tsufan zuciya, sannan ya gindaya masa sharuɗɗa, ciki har da rubuta wa matarsa marigayiya wasiƙar soyayya da daina sintiri wurin likita, ai ba ya bukatar rawa a kan tsauni.

Na biyu, wai bayan hutun rabin lokaci raha ta koma matse zuciya. A nan na tsaya na yi dogon tunani. Babulal yana da ɗa, Amol, wanda ya tafi Amurka ya manta da shi, bai ko zo ba lokacin da mahaifiyarsa ke jinyar ajali. Abin da tsohon ke nema tun farko shi ne Babulal ya daina zaman jiran wanda ba ya tuna shi. Da na kalla da daddare ni kaɗai, wurin nan ya hana ni barci. Mu da aka rena a kan cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, da wuya mu haɗiyi kakan da ke zuga ɗansa ya rufe wa jikansa ƙofa. Ina ganin fim ɗin ya yi gaggawar yanke wa Amol hukunci, bai bar mu mun ji ta bakinsa yadda ya kamata ba. Wannan ya fi damuna fiye da yawan hawayen.

Rishi Kapoor ya rasu ranar 30 ga Afrilun 2020, wanda ya fito ɗa ya rasu ya bar wanda ya fito uba. In za ku sake kallo, ka tambayi Baba daidai wane wuri ne ya sa shi hawaye, ka rubuto mini. Ina zargin ba wurin Amol ba ne, wurin wasiƙar ne.