Addu'ata ba ta isa sama sai ta hannun annabi?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa daga Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana. Ɗana ya yi wata biyu zazzaɓi na tafiya yana dawowa. Wani annabi ya ce an rufe ƙofar gidanmu a sama, wai shi ne firist ɗin zuriyarmu, addu'ata ba za ta wuce rufin ɗaki ba sai na sayi mai da ruwa a wurinsa. Jarin kokon da nake sayarwa duk ya tafi can. To ina Yesu da ake ce mana Babban Firist? Ko Allah ya daina jina ne?

Amsa: 'Yata, sannu da jinya, Ubangiji ya ba yaron lafiya. Allah bai daina jinki ba. Mutumin nan ƙarya yake miki, kuma ƙaryar da nake ji kusan kowane mako ce, har ta ishe ni.

Kin san Littafin Firistoci sura 16. Sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne, sai ya fara kai jinin bijimi saboda nasa zunubin, sannan jinin akuya domin jama'a. Wato Haruna kansa, babban firist na farko, mai neman gafara ne. Shekara ta zagayo a maimaita, firist ya mutu a naɗa wani.

Wasiƙar Ibraniyawa ta ce Yesu ba a wannan layin yake ba. Daga kabilar Yahuza ya fito, ba Lawi kabilar firistoci ba, firistancinsa irin na Malkisadik ne, sarki kuma firist a zamanin Ibrahim, kamar yadda Zabura 110:4 ta faɗa. Bai shiga ɗakin da hannu ya gina ba, sama kanta ya shiga, da jininsa, sau ɗaya tak. Duba sura 10, aya 11 da 12: firistocin dā a tsaye suke kullum domin aikinsu ba ya ƙarewa, shi kuwa ya miƙa hadaya ɗaya ya zauna. Sura 7 ta ce yana raye har abada yana roƙo dominmu, don haka firistancinsa ba ya komawa hannun wani.

To ki faɗa mini, kujerar da mai ita bai mutu ba, bai sauka ba, wa ya gaje ta? Wane ne ya naɗa wannan annabin? Ranar da Yesu ya mutu labulen Haikali, wanda ke tare hanyar shiga Wuri Mafi Tsarki, ya tsage daga sama har ƙasa (Matiyu 27:51). Irin waɗannan annabawa allura da zare suka ɗauko suna ɗinke shi, suka kafa tebur a bakin ƙofa suna karɓar kuɗin sidi. Su ce akwankyere ne, wato nunin hanya na ruhaniya a harshen Twi, su ba ki mai, ruwa, hankici, sitika mai hoton fuskarsu. Tsoro suke sayarwa, kuma uwa mai ɗa a kwance suka fi nema, don sun san ba ta ciniki. Siman mai sihiri ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi a Samariya, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa (Ayyukan Manzanni 8). Mai saye aka yi wa wannan tsawa, balle mai sayarwa!

Kada ki ɗauka na hana neman addu'ar shugabanni. Yakubu sura 5 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Amma ba a rubuta farashi ba, kuma suna roƙo tare da ke ne, ba su tare miki hanya. Ko Katolika da Angilika masu kiran limamansu firist ba su koyar da cewa wani ya maye gurbin Almasihu. Matsakanci ɗaya ne, 1 Timoti 2:5.

Daren yau ki karanta Ibraniyawa 4:14-16, ki durƙusa kusa da yaron, ki yi magana da bakinki. Gobe da sassafe ki kai shi asibitin Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da ke a gwada jininsa, wata biyu ya yi yawa. Kada ki ƙara ba mutumin nan ko kobo, kuma ki sanar da dattawan cocinku abin da ya karɓa.