Amsa ga 'yar'uwar da ke kewar mahaifiyarta

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Kin ce sankarar mama ce ajalinta, kuma duk sanda kika tuna ta, ramar da ta yi a gadon asibiti ce ke fara zo miki, har kina tambayar me za ki yi mata yanzu.

Ki nemi aminanta da ƙannenta, ki zauna su ba ki labarinta tun tana budurwa. Da tawa ta rasu, wata ƙawarta ce ta nuna min yadda take ɗaura kallabi in za ta gidan biki, tana kwaikwayon dariyarta har muka yi kuka tare. Tun daga nan fuskarta ta lafiya ta dawo min. Hadisin Ibn Umar a Sahihu Muslim ma ya sa zumunci da masoyan mahaifi cikin mafi girman biyayya.

Sa'ad bin Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya. Ba dole sai rijiya ba. Randar ruwan sanyi a ƙofar gida lokacin bazara ma sadaka ce.

Sannan don Allah, ke da 'yan'uwanki mata ku sanar da likita abin da ya same ta, domin 'ya'yan mai wannan ciwo sun fi shiga haɗarinsa. In kin ji ƙullutu a nono, ki tafi asibiti, kada ki saurari masu cewa daji ba ya son allura.